Kwalbar Kawu

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na sha sanya shi a bakin mutanen cikin labaraina, amma ban san nauyinsa ba sai wata ranar Asabar cikin watan Satumba na 2017, a bayan gidan wani tsohon Bature, a wani ƙauye kusa da birnin Bordo na ƙasar Faransa. Ga nama bisa garwashi yana tashin ƙamshi, ga jar giyar inabi an juye ta cikin tulun gilashi an girke tsakiyar tebur, ga tsoho yana dubana yana murmushi, ni kuwa ina ta laluben bakin da zan gaya masa ba na sha.

Bari in koma baya kaɗan don mai karatu ya gane abin da ya kai ni can. Mahaifiyata mutuniyar Damagaram ce, aure ya kawo ta wannan ɓangaren iyaka. Tana da wa guda, malamin makarantar boko, wanda dukkanmu muke kira Kawu. Ni dai da furfura na san shi, da carbi a hannu, da farar riga wadda ba ta rabuwa da ƙamshin turare, kuma in aka tayar da sallar Asuba a masallacin unguwarsu, to a sahun gaba za ka same shi. A ɗakinsa na fara ganin littattafai jere tun daga ƙasa har rufi, shi ne kuma ya koya mini Faransanci a lokutan hutu, har abin ya zame mini hanyar cin abinci. Idan hira ta yi daɗi yakan ambaci wani abokinsa Bafaranshe, malamin kimiyya, wanda suka yi koyarwa tare a shekarun 1970, zamanin babban farin nan. Mushe yake ce masa, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran malamin makaranta. Mu yaran Nijeriya sai mu riƙa ƙunshe dariya, don mu mushe guda muka sani, watau dabbar da ta mutu ba yanka.

Bayan rasuwar Kawu aka ba ni akwatin takardunsa, na tarar da wasiƙun Mushe ɗaure da zare. Kusan kowace wasiƙa da magana guda take ƙarewa: "Abin da na ajiye maka yana nan yana jiranka." Ni a zatona wani littafi ne. Saboda haka da aka gayyace ni wani taron masu fassara a Faris, sai na rubuta masa. Amsa ta zo a taƙaice, cewa in zo mu ci abincin dare, shi da kansa zai gasa nama. Jirgin ƙasa ya kai ni Bordo cikin awa biyu da 'yan mintoci. Na tarar da shi a tasha, dogon tsoho mai ɗan doro, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan abokina. Ina gajiya?" Hausarsa ta yi tsatsa, amma ta Damagaram ce tsantsa. Na ce, "Ba gajiya, Baba." Daga nan Baba na ci gaba da kiransa.

Tun a mota ya kwantar mini da hankali game da naman. Ya ce kafin ya zo tasha ya biya ta unguwar San Mishel, inda mahauta Musulmi suke, ya sa an yanko masa wurin da yake so. Antarkot suke kiran wurin, watau tsokar da ke bisa haƙarƙarin sa, wadda kitse ya ratsa ta siri-siri kamar zare. Yanka biyu ne, kowanne kaurinsa ya kai yatsu biyu. Na yi godiya, na ce a raina wanda ya san wannan ai ya san sauran.

Da muka isa gida, kafin a hura wuta, sai ya ce in raka shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wuri ne mai sanyi da duhu, kwalabe kwance a jere, ƙura ta lulluɓe su. Ya ce kwantar da su ake yi don toshiyar bakin ta zauna a jiƙe, in kuwa ta bushe sai iska ta shiga, giyar ta lalace. Guda ɗaya ce kawai a tsaye can gefe. Ya ce shekaranjiya ya tayar da ita, don diddigar da ta taru cikin shekaru ta kwanta a gindi. Na duba takardar jikinta na ga an rubuta 1990, shekarar da manoman Bordo ke lissafawa cikin waɗanda inabi ya yi kyan gaske. Ya rungumo ta kamar jinjiri muka hau sama.

Ya kai mai karatu, a nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ina tsaye ya murɗa ƙarfe cikin toshiyar ya zaro ta a hankali. Ina tsaye ya kunna kyandir, ya riƙe wuyan kwalbar a kan hasken, yana tsiyaye giyar cikin tulun gilashi, har sa'ad da ya hango diddiga ta taso bakin wuya, sa'an nan ya tsaya. Ban ce uffan ba. Na ce a raina ai gidansa ne, abinsa ne, shi zai sha. In kuma za a bi gaskiya, son kallo irin na marubuci ya ɗauke mini hankali, ina ta haddace yadda yake motsa hannu don in sami abin rubutawa. Da na yi magana tun toshiya na bakinta, da zance ya ƙare, domin rufaffiyar kwalba tana iya jiran wasu shekaru, amma tsohuwar giya in aka buɗe ta, kwananta ya ƙare, ko a sha a daren ko ta lalace.

Shi kuwa malami ba ya yin ritaya. Yana jera ƙirare yana yi mini darasi, kamar dai ina aji. Ya ce ko baƙin inabi ka matse, ruwan da zai fito fari-fari ne, don launin a ɓawo yake. Masu yin jar giya sukan bar ruwan tare da ɓawon da ƙwallayen a tsima su tare, har sukarin ya rikiɗe ya zama barasa. A cikin wannan tsimin ne ruwan ke jawo launi, ya kuma jawo wani sinadari da ake kira tanin. Ya tsaya yana neman kalmar Hausa, yana tsuke baki yana nuna mini harshensa. Na ce, "Bauri?" Ya tafa hannu ya ce, "Bauri! Shekara arba'in rabona da wannan kalma."

Sai ya tambaye ni da me majema ke jeme fata a ƙasarmu. Na ce da bagaruwa. Ya ce to tanin ɗin da ke cikin 'ya'yan bagaruwa danginsa ne ke cikin ɓawon inabi, da ganyen shayi, da goro, kuma sunansa ma a harsunan Turai daga sana'ar jima aka samo shi. Aikinsa guda ne ko'ina, ya kama furotin ya ƙanƙame shi. A fatar akuya shi ke hana ta ruɓa. A baki kuwa sai ya kama furotin ɗin miyau, wanda ke sa baki santsi, saboda haka ka ji harshe ya yi kaushi, dasashi ya bushe. Kitse kuma akasin haka yake yi, ya shafe baki da maiƙo, ta yadda in ka kai loma ta biyar ba ka jin daɗin da ka ji a ta fari. To, in aka haɗa su sai kowanne ya kashe kaifin ɗan'uwansa. Kurɓi guda ya share maiƙon, loma guda ta rage baurin, loma ta goma ta zo maka sabuwa kamar ta fari. Ya ce iyakar asirin ke nan, sauran duk ado ne da alfahari.

Daga nan ya shiga bayanin ƙasarsu. A hagu da bakin kogi akwai yankin Medok, ƙasa mai tsakuwa, inda aka fi shuka irin inabin da ake kira Kabarne Sobinyo, mai ƙananan 'ya'ya da kaurin ɓawo, don haka baurinsa ke da yawa. Sukan gauraya shi da wani irin mai suna Marlo, wanda ya fi shi laushi. A zuba cikin gangunan katako masu cin lita 225, a bar su shekara guda ko fiye, katakon ma ya ƙara nasa baurin. Tana sabuwa sai ta ɗaure maka baki, amma in ta shekara goma ko ashirin a kwalba sai baurin ya kwanta, wani ma ya dunƙule ya faɗa gindi, shi ne diddigar da muka gani. Ya ce tun 1855, da Sarki Napoleon na Uku ya shirya babban baje-koli a Faris, aka jera manyan gonakin yankin hawa biyar, kuma babban sauyin da aka yi wa wannan jeri a bayan nan shi ne na 1973, da aka ɗaga gona guda zuwa hawan farko. Ya yi dariya ya ce tasa kwalbar ba ta manyan ba ce, albashin malami bai kai nan ba, amma maƙwabciyarsu ce.

Ƙa'idar, in ji shi, ba ta da wuya. Jan nama mai kitse yana son giya mai bauri da nauyi. Kifi da kaza sun fi son fara, don ba su da kitsen da zai tare baurin. Kada a sha jar da zafin ɗaki irin na bazara, kada kuma a daskarar da ita, digiri 16 zuwa 18 ya isa. Barkono mai zafi kuwa abokin gabarta ne, don yana ƙara wa barasa ƙuna, ya fito da ɗacinta. "Shi ya sa a Damagaram in za mu ci tsire da yaji muke haƙura da ita," in ji shi. Na ji wannan "mu" ɗin, na ɗauka shi da 'yan'uwansa Turawa yake nufi.

Wutar ma ba ta gawayi ba ce. Kowane hunturu manoma na sassabe rassan itacen inabi, a ɗaure su dami-dami su bushe, da su mutanen yankin ke gasa nama. Suna kamawa da sauri kamar karan dawa, su ba da garwashi mai zafin gaske wanda ba ya daɗewa, saboda haka mai gashi ba ya juya wa wuta baya. Da harshen wuta ya faɗa, sai ya ɗora naman bisa waya, ya ce in saurari ƙarar. Ya ce wannan ɓawo mai ruwan ƙasa da zafi ke yi wa bayan nama, shi ne gidan ƙamshi, kuma wani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana yadda sukari da furotin ke haɗuwa su haifar da shi, a 1912. Bai sa wa naman kome ba sai gishiri da masoro, da ƙananan albasa da ya yayyanka zai barbaɗa a ƙarshe. Minti uku ya juya, bayan wasu ukun ya sauke nasa ya rufe shi ya ce sai ya huta.

Na leƙa na ga jan ruwa na tsattsafowa daga nasa, na ce, "Baba, nawa a bar shi ya gasu sosai." Ya dube ni kamar na zagi kakansa. Ya ce wannan ba jini ba ne, jini ya fita tun wurin yanka, ruwan tsoka ne da wani furotin mai suna mayoglobin ya rina. Na ce na yarda, amma idona bai yi karatun kimiyya ba. Ya girgiza kai ya ce, "Kai da kawunka duk ɗaya." Ya tura nawa gefen wuta, ya shiga ɗaki ya fito da kofunan gilashi masu doguwar ƙafa. Guda biyu. Ya ajiye ɗaya gabansa, ɗaya gabana, ya ɗauki tulun.

A cikin ɗan lokacin nan babu abin da bai zo mini a rai ba. Na tuna masu cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Na tuna babu wanda ya san ni a ƙauyen nan. Na tuna zan iya barinsa ya zuba, in ɗaga kofin in taɓa leɓe, in ajiye. Amma wannan yaudara biyu ce, in yaudare shi in yaudari kaina, alhali kuwa malamanmu ba sha kaɗai suka hana ba, har da zama a teburin da ake shanta. Sai na ɗora tafin hannuna bisa bakin kofin na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ba na sha, ban taɓa sha ba. Tun ɗazu ya kamata in faɗa, kunya ta hana ni."

Ya tsaya da tulun a hannu. Ya ce, "Ko kurɓi guda? Ba don maye ba, don ka ji abin da na gaya maka." Na ce ko ɗigo. Ya ce, "Na ɗauka kai marubuci ne, ɗan boko." Na ce duka biyun ne, amma ba na sha. Ya ajiye tulun a hankali, ya zauna, ya daɗe yana kallon garwashi. Can sai ya ce, "Ka san ta wace ce wannan kwalbar? Ta kawunka ce."

Ya ce a 1992 ya saye ta, sa'ad da Kawu ya rubuto masa cewa yana tara kuɗi zai zo Faransa wani kwas na malamai. Suka yi alkawari ranar da ya iso za su gasa antarkot bisa rassan inabi su buɗe ta, don Kawu ya ga abin da Mushe ya shekara huɗu yana cika masa baki a kai. Sai ga Janairun 1994, aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma sefa 100 a dare guda. Abin da Kawu ya tara ya zama rabi, tafiya ta mutu. Kwalba ta ci gaba da kwanciya, ana ta baɗi, ana ta baɗin baɗaɗa, har mai ita ya riga mu gidan gaskiya.

Na ce, "Baba, Kawu yana sha?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Kowace Asabar, bisa soron gidana. Ba ka sani ba?"

Ban sani ba. Na ji kamar an zare mini tabarma ina zaune. Mutumin da ya koya mini alwala, wanda in ya ga kwalbar giya a bakin hanya yake tsallaka titi. Sai a sa'an nan na tuna wata magana da yakan yi in ana zancen ƙuruciya, yakan ce, "Lokacin da boko ya hau mana ka," ya yi shiru, ya ja carbinsa. Na tuna kuma yadda yake daɗewa a zaune bayan kowa ya watse daga masallaci. Na gaya wa Baba duk wannan, na ce ni tun da na yi wayo ban san Kawu da wani abin sha ba sai fura da shayi.

Tsohon ya yi shiru, yana lissafi da yatsu. Ya ce tun da Kawu ya dawo daga Makka bai sake ambaton giya a wasiƙa ba. Duk sa'ad da ya rubuta masa zancen kwalbar, amsar da ke zuwa labarin damina ce da farashin hatsi da jikoki. Ya ce, "Ashe amsa yake ba ni, ni ne ban iya karatu ba. Shekara ashirin da biyar ina ajiyar abu don mutumin da ya daɗe da barinsa. Me ya hana shi gaya mini?" Na ce, "Abin da ya hana ni ɗazu, Baba. Kara." Ya san kalmar. Ya ce, "Kara tana da kyau, amma tana da tsada."

Sai ya miƙe ya ɗauki tulun da kofunan biyu, ya nufi shingen da ya raba shi da maƙwabta, ya ƙwala kira. Na ji muryar wani tsoho da matarsa, na ji salati irin nasu da suka ji shekarar kwalbar. Ya dawo hannu wofi. Ban tambaye shi ba, shi ya ce, "Irin wannan ba a shanta a kaɗaice, kai kuma ba za ka zauna kusa da ita ba. Amma ba zan bari ɗan abokina ya ci antarkot da ruwan famfo ba." Ya shige ɗaki, na ji yana ta buɗe-buɗe, sai ga shi da wata 'yar shuɗiyar butar shayi duk ta kwarzane, da ƙananan finjalai biyu, da gwangwanin koren shayi. Ya ce wani Buzu mai gadin makarantarsu ne ya ba shi butar ranar da zai bar Nijar, kuma shi ya koya masa cewa bayan nama sai shayi mai ɗaci. Ya binne gindin butar cikin sauran garwashin inabi.

Nasa naman ya huce, nawa ya yi tauri kamar tafin takalmi, haka muka ci. Ya hana a sa sukari da yawa a zubin farko. Ya ce in ci loma in tauna sosai, in lura da maiƙon da ya rage a ganɗa, sa'an nan in kurɓa. Na yi yadda ya ce. Wallahi sai na ji bakina ya washe kamar an share shi da tsumma, ɗacin shayin kuma bai kai yadda na saba jinsa ba, loma ta gaba ta zo da ƙamshin hayaƙi da albasa sabo fil. Shekara nawa ina shan shayi bayan balangu, ban taɓa tsayawa na ji abin da yake yi ba. Baba ya ce, "To, ka ji abin da nake so ka ji. Saura ƙamshin inabin, wannan kuwa sai ka karɓa a bakina." Daga baya na karanta cewa a 2012 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Paul Breslin, sun gwada wannan ɗin, suka ba mutane nama mai kitse, wasu na bi da ruwa, wasu da shayi, aka tarar shayin ya fi kawar da maiƙon baki. Buzun nan mai gadi ya riga su sani.

A zubi na biyu ya ba ni labarin yarintarsa, yadda ake tsarma wa yara giya da ruwa a teburin gida, har sai a 1956 gwamnati ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 14 giya a wuraren cin abincin makarantu. Ya ce a shekarun 1960 abin da Bafaranshe guda ke sha a shekara ya haura lita 100, ga shi ya faɗo ƙasa da rabin haka, jikokinsa ma lemon kwalba suke ci da nama. Bai faɗi wannan da fushi ba, sai dai da muryar mutumin da ke ganin kasuwarsu tana watsewa. Abin kuwa ya ci gaba bayan rabuwarmu. A 2023 aka ware kuɗi don manoman Bordo su tumɓuke dubban hektoci na inabi saboda rashin masu saye, a farkon shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwadon barasa da za a ce ba ya cutarwa. Ni ban yi baƙin cikin wannan ba, don na san gidajen da kwalba ta rusa. Amma da na ji labarin, fuskar tsohon nan na gani, riƙe da kyandir.

Na yi shekaru ban rubuta wannan ba, ina tsoron tona asirin mamaci. Sai da na zauna da mahaifiyata na kwashe labarin na gaya mata, ina sunkuyar da kai. Ta ce, "Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Duk gidanmu an san ya yi, an kuma san ranar da ya bari, don tsohuwarmu har sadakar waina ta yi. Rubuta, amma ka bar sunansa." Na bar sunansa. Abin mamaki, girmansa bai ragu a idona ba. A da ina ganinsa kamar wanda aka haifa da carbi a hannu. Yanzu na san da ƙafarsa ya tako zuwa sahun gaban nan, kuma na san nisan tafiyar.

Ga 'yan'uwana masu koyon rubutu kuwa, abu guda zan ce. Mun saba in za mu nuna lalatacce a labari sai mu miƙa masa kwalba, in za mu nuna Bature sai mu zaunar da shi yana ɗirka kamar raƙumi. Da na tafi da wannan hoton a kaina na dawo da shi, da ban ga Baba ba, da ban ga Kawu ba. Mutum na iya sanin abu ciki da bai, ya san dalilin masu yinsa, ya kuma ɗora hannu bisa bakin kofi ya ce a'a. Sai dai ya faɗa da wuri, tun toshiya na bakin kwalba.

Da za mu rabu a tasha Baba ya cusa mini 'yar butar cikin jaka, na ƙi, ya ce, "Wannan dai ba za ka ce ba ka sha ba." Tana nan wurina. Kowace Babbar Salla nakan ce wa mahauci ya ware mini tsokar bisa haƙarƙari, in gasa da kaina a tsakar gida, gishiri da masoro kawai, in binne butar a garwashi. Yara na ƙorafin shayin ya yi ɗaci, ni kuwa in ce su ci nama tukuna sa'an nan su kurɓa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya karɓi tubarsa da tamu, Ya saka wa wanda ya karrama baƙo da shiriya da alheri, amin.